Salansar sitenles da wankin inji a Corolla ƙirar 2004: abin da ya yi amfani da abin da bai yi ba

Aiki biyu na yi wa motata a zuwa ɗaya: na sauya salansa tun daga bayan katalis, wato na'urar da ke rage gubar hayaƙi, har wutsiya da ta ƙarfen sitenles, sannan aka tsaftace injin ciki da waje da irin magungunan nan na gwangwani da na kwalba. Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2004, injin 1ZZ-FE mai silinda huɗu, lita 1.8, giya atomatik, ta haura kilomita dubu 250. Ban zauna rubuta wannan ba sai da ɗokin sabon abu ya sake ni, na yi ta hawanta cikin cunkoso da kan babbar hanya. Salansar ta cancanci kuɗinta, sai dai ba don dalilin da aka buga a jikin kwalinta ba. Kayan wankin inji kuwa, ƙananan cikinsu su suka fi aiki.

Tsohuwar salansar ba gargadar hanya ce ta kashe ta ba, ruwa ne. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona tana fitar da ruwa kusan lita ɗaya, yana fita a tururi. In tafiya ta yi nisa, bututu ya ɗauki zafi sosai, tururin ficewarsa yake yi. In kuwa gajerun tafiye-tafiye ne, daga gida zuwa wurin aiki a kashe mota, sai ya kwanta a tukunyar baya, wadda ta fi ko'ina sanyi, ya gauraya da sinadaran hayaƙi ya koma ruwa mai cin ƙarfe. Shi ya sa salansa ke ruɓewa daga ciki. Tawa in ka leƙa ta daga waje tsatsa ce sama-sama, amma da makanike ya ƙwanƙwasa ta da sufana sai ga ɓarɓashi na zubowa. An taɓa yi mata faci da walda, kuma walda a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba ta daɗewa, gefen facin ne ke sake ɓallewa.

Abin da ya sa na ƙi a ƙara faci shi ne warin hayaƙi da ke shigowa cikin mota in an tsaya a cunkoso. Warin kansa da sauƙi. Iskar kabon monoksaid da ke tafe da shi ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Mai ɗaukar yara a kujerar baya, daidai saman tukunyar da ta huje, bai kamata ya tsaya lissafin faci ba.

A cikin kwalin akwai bututu biyu, ƙaramar tukunyar tsakiya, babbar tukunyar baya, kilif na ɗaurewa da gasket. An rubuta cewa sitenles 304 ne. Wannan lambar tana da muhimmanci, domin ba duk sitenles ne ɗaya ba. Nau'in 304 yana ɗauke da kuromiyum kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, shi ya sa da wuya ya yi tsatsa, sai dai zafi ya sa ya yi launin zuma ko shuɗi-shuɗi. Nau'in 409, wanda masu ƙera motoci suka fi amfani da shi, kuromiyum ɗinsa wajen kashi 11 ne, nikel kuwa kusan babu. Yana yin tsatsa a fuska ya yi muni, amma yana daɗewa bai huje ba. Ƙasa da su akwai baƙin ƙarfe da aka shafa wa alminiyum, wanda da zarar an karce shi ko an yi masa walda, ta nan tsatsa ke shiga. Hanyar gwaji ba ta da wahala: maganaɗisu yana kama 409 da baƙin ƙarfe, amma ba ya kama 304, sai ɗan ja kaɗan a inda aka lanƙwasa shi. Na bi kayan ɗaya bayan ɗaya da maganaɗisu kafin a ɗaura. Bututun da tukwanen sun ci jarrabawa. Kilif ɗin da sandunan da ake ratayewa da su kuwa, ya kama su ƙam. Baƙin ƙarfe ne. Yanzu haka sun fara ja, kuma tsatsarsu tana gangarowa tana ɓata bututun. Kamfanin da ya iya kashe kuɗi a kan 304 ya zo yana tsumulmula a kan kilif, wannan bai yi mini daɗi ba. Duk wanda zai saya ya nemi kilif na sitenles daban tun daga farko.

Inda suka burge ni shi ne lanƙwasa. Bututun da aka lanƙwasa da injin matsa na gama-gari yana tsukewa a kwana, cikinsa ya tattare, faɗin ya ragu. Wannan an sa masa ƙarfe a ciki lokacin lanƙwasawa, don haka faɗinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, har inda ya haura kan gatarin baya. Waldar ma siririya ce mai tsafta, ba tulin ƙarfe a bakin haɗi.

Sai batun faɗin bututu, inda aka fi yaudarar mutane. Kamfanin yana da mai inci 2.25, yana da mai inci 2.5, har da mai inci 3. Ɗaya daga cikin yaran makanikena ya ce mini, “Yallaɓai, in ƙarfi kake nema ka ɗauki babban.” Maigidansa ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, “Wannan injin ba shi da turbo. Ina zai samo hayaƙin da zai cika inci uku?” Gaskiyarsa. Hayaƙi ba a jere yake fita ba, bugu-bugu yake fita, kowace silinda da nata. Duk bugun da ya wuce da gudu yana barin ɗan gurbi a bayansa, gurbin nan shi ke zuƙo sauran hayaƙin silinda ta gaba. In bututu ya yi faɗi da yawa sai gudun ya mutu, kamar ruwan da ke gudu a siririyar kwata ya fito fili ya bazu. Sakamakon shi ne mota ta yi nauyin tashi, a daidai inda ake amfani da ita kullum. Akwai masu cewa inji yana bukatar matsin hayaƙi don ya yi ƙarfi. Ba matsi yake bukata ba, gudu yake bukata, kuma bututu madaidaici ne ke ba da shi. Na ɗauki mai inci 2.25, ɗan ƙari kaɗan a kan na asali. Ga inji lita 1.8 da bai wuce ƙarfin doki 130 ba, ya isa har ya yi yawa.

Ɗaurawa ba ta zo da sauƙin da takardar ta nuna ba. A wannan motar katalis da bututun tsakiya a haɗe suke, don haka sai da aka yanke a bayan sensar oksijin ta biyu, wato ta baya cikin sensa biyu masu auna oksijin da ke cikin hayaƙi, aka zura sabon a kai. Sandar ratayewa ɗaya ba ta zo daidai da robarta ba, sai da aka gasa ta aka ɗan karkatar. Kafin a yi haka wutsiyar tana kusa da bamba ƙwarai, kuma da an bar ta da zafi ya narkar da robar. Robobin ratayewa ba sa cikin kwalin. Na sa sababbi, domin tsofaffin sun tsage, kuma salansa mai lilo ita ke karya walda. Makanike ya kuma sauya gasket ɗin zobe da ke haɗa manifol da bututun gaba, da notunansa masu sifirin. Ashe nan ma akwai yoyo. Wannan yoyon yana kusa da sensar oksijin, don haka yana iya zuƙo iska daga waje, sensa ta ɗauka mai ya yi ƙaranci, kwamfutar mota ta ƙara mai. Ina kyautata zaton rabin gyaruwar da na gani wajen shan mai daga wannan ɗan zoben ta fito, ba daga sitenles ba.

Katalis na bar shi inda yake, kuma a nan ba na sassauci. An sha ba ni shawarar a fasa shi a zubar da cikinsa wai mota za ta “buɗe”. Cikin nasa yumɓu ne mai ƙananan ramuka, an shafa masa filatinum da faladiyum da rodiyum, ƙarafa masu tsada, kuma wannan tsadar ce ta sa wasu ke ɗokin su taimake ka su cire maka shi. Aikinsa mayar da kabon monoksaid da ɗanyen fetur da oksaid na naitirojin su zama iskar da ba ta kai su illa ba. Tun 1975 ya zama ruwan dare a motocin Amurka, kuma daga 1996 kowace sabuwar mota da aka sayar a can tana da OBD-II, tsarin kwamfuta mai gano matsala, wanda ke sa ido a kansa. In ka cire shi, sensar baya za ta gane, fitilar gargaɗin inji ta kama da lambar P0420, ta zauna a kunne. Daga ranar nan in wata matsala ta gaske ta taso ba za ka sani ba, tunda fitilar dama a kunne take. Katalis da ya toshe ko ya narke, wannan kam a sauya shi, bayan an gano abin da ya kashe shi, wanda galibi fulogi ne da ba ya ba da wuta ko inji mai shan baƙin mai. Amma lafiyayye ba ya danne inji irin wannan yadda ake zuzutawa.

To, ƙarfi ya ƙaru? A jikin kwalin an yi alkawarin ƙarin ƙarfin doki. Ni dai ban hau na'urar aunawa ba, amma ƙafata ba ta ji wani abin a-zo-a-gani ba. In an taka totur sosai, allurar juyin inji ta haura 4000 a minti, tana ɗan sakin jiki fiye da da. A ƙasa da haka, Corolla ce kamar kowace. Kunne yana yaudarar ƙafa: mota in ta ƙara ƙara sai ka ɗauka ta ƙara gudu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wanda zai sayi wannan salansa don tsere ya ajiye kuɗinsa. Wanda zai saya don kada ya sake durƙusawa a ƙarƙashin mota saboda tsatsa, shi ne ya yi ciniki.

Sautinta a silo mai kauri ne, ba hayaniya. Da safe in inji da sanyi takan ɗan ɗaga murya, minti kaɗan ta sauka. Abin da ya fi damuna yana kan babbar hanya. Tsakanin juyi 2500 da 3000, wato daidai inda giyar ƙarshe ke zama in ana tafiya mai nisa, akwai wani gurnani da ke cika cikin mota, buuu, musamman in ana hawa tudu. Inji mai silinda huɗu yana bugawa sau biyu a kowane juyi, don haka a 3000 bugu 100 ke nan a daƙiƙa guda, kuma irin wannan amon mai kauri shi ne jikin mota ke amsawa. Na gaba ba ya jinsa kamar na baya. Matata ce ta fara magana, ta ce, “Maigida, wannan abin naka yana sa ni ciwon kai.” Tukunyar tsakiya da suka sako ta yi ƙanƙanta, ga tukunyar baya irin mai miƙaƙƙen bututu ce da aka huhhuje aka naɗe da audugar gilashi, wadda ta fi iya kashe siririn sauti a kan mai kauri. Aka yanke ƙaramar aka sa doguwa. Gurnanin bai ɓace gaba ɗaya ba, amma ya koma inda hira ke rufe shi. Da kamfanin ya sako doguwar tun farko, da ba ni da ta cewa a kan sauti.

Yanzu wankin inji. Kalma ɗaya ake faɗa, amma ayyuka ne daban-daban, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Wankin waje da maganin narkar da maiƙo ba ya ƙara wa inji komai, in ban da abu guda: yana nuna maka inda mai ke yoyo. Injina ya yi baƙi ƙirin ta gefe ɗaya, ba a san daga ina ba. Bayan an wanke ya bushe, na ɗan hau, sai ga layin mai sabo fil yana gangarowa daga gasket ɗin murfin bawul. Aka sauya. A nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Maganin da na yi amfani da shi irin mai gaurayuwa da ruwa ne, a fesa a inji mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, a bar shi minti kaɗan, a goga da buroshi. Ya cire dauɗar shekaru, amma inda ya bushe a jikin alminiyum ya bar fari-fari, don haka kada a bari ya bushe. An rufe altaneta da akwatin fiyus da bakin shigar iska da leda, aka ɗauraye da ruwa mara ƙarfi. Ban yarda a kusanto da injin feshi mai matsi ba. Wannan injin koyil huɗu gare shi, kowace a kan fuloginta, cikin rami mai zurfi. Ruwa in ya shiga ramin nan sai mota ta fara tari da kakkarwa, kuma robar wayoyin mota mai shekara ashirin ta riga ta bushe, ba ta hana ruwa kamar da.

Gwangwanin da ya fi kowanne aiki shi ne na wanke maƙogwaron totur, wato mashigar iska mai faifan da ke buɗewa in an taka totur. Kafin aikin, in na tsaya a danja na kunna na'urar sanyi, allura takan faɗi ƙasa mota ta yi rawa kamar za ta mutu. Da aka cire bututun iska sai ga baƙin danƙo ya zagaye bakin faifan. Wannan danƙon tururin baƙin mai ne da ke dawowa ta bawul ɗin PCV, mai mayar da tururin cikin inji zuwa mashigar iska, ya haɗu da ƙura. A ƙirar 2004 totur ɗin na waya ne, kuma akwai ƙaramin bawul da ke kula da iskar silo a jikinsa, shi ma ya cushe. Aka kwance duka aka wanke a kan benci maimakon a fesa a jikin mota, aka sa sabon gasket. Silo ya zauna daram. Bawul ɗin PCV kansa ba a wanke shi ba, sauya shi aka yi, tunda ƙaramin abu ne. Lafiyayye in ka girgiza shi yana ƙara, nawa shiru.

Na biyunsa maganin sensar auna iska, wadda ke bayan filtar iska. A cikinta akwai siririyar waya mai zafi da ke gaya wa kwamfuta yawan iskar da ke shiga, don ta daidaita ma'aunin iska 14.7 ga fetur 1. In ƙura ta lulluɓe wayar sai lissafin ya karkace. Tana da nata maganin na musamman wanda ke bushewa bai bar komai ba. Kada a fesa mata na kabureta ko na totur, kada a taɓa ta da tsinke ko tsumma. Fesawa kawai, a bar ta ta bushe, a mayar. Jinkirin da nake ji in na taka daga tsaye ya ragu sosai bayan wannan.

Maganin da ake zubawa a tanki don wanke nozul, na duba bayan kwalbar na zaɓi mai sinadarin wanki da ake kira PEA, domin shi ne ke jure zafin cikin silinda. Da yawa daga cikin masu araha kusan kananzir ne. Ya dace da irin wannan injin, wanda nozul ɗinsa ke fesa mai a bayan bawul ɗin shigar iska, don haka man da maganin suna wanke bawul ɗin a kan hanyarsu. A sababbin injuna masu fesawa kai tsaye cikin silinda, man ba ya taɓa bayan bawul, maganin tanki ba zai kai can ba, sai an buɗe an kankare, wasu ma da garin ɓawon gyaɗar turawa suke fesawa. A motata na ƙarar da tankin ban ji bambancin da zan rantse a kai ba. Bai cutar ba, iyakar abin da zan ce ke nan.

Kwalbar da na saya ban buɗe ba ita ce ta wankin cikin inji, wadda ake zubawa a tsohon baƙin mai a bar mota a silo minti 10 zuwa 15 sannan a juye. Da aka ɗaga murfin bawul don sauya gasket, mun ga cikin: launin ruwan kasa ne mai sheƙi, ba daskararren laka. Makanike ya ce, “Malam, me za ka wanke a nan?” Inji mai tsafta ba ya bukatarta. Inji mai laka da yawa kuwa, nan ne haɗarin yake, domin abin da maganin ya ɓamɓaro yana iya zuwa ya toshe rariyar famfon baƙin mai a ƙasan inji, fitilar mai ta kama, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ga tsofaffin sil, wato robobin hana yoyo, da dauɗa ke taya su riƙe mai. Maimakon haka na sa baƙin mai 5W-30 mai kyau da sabuwar filta, na kuma rage tazarar sabis na gaba. Baƙin mai da kansa yana ɗauke da sinadaran wanki, yana yi a hankali. An kuma yi mini tallar na'urar da ke hura iskar haidurojin ta bakin inji wai ta ƙone gawayin ciki. Na tambaya ko za a leƙa cikin silinda da kyamara kafin da bayan aikin in gani da idona, aka ce ba a yin haka. Na bar ta.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai gyara injin da ya gaji. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, daga ringi ko sil ɗin bawul. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Mai ɗaya daga cikin ukun nan ya fara da shi kafin ya sayi sitenles, in ba haka ba sabuwar wutsiyar za ta yi baƙi, katalis kuma ya bi baya. Ni sai da aka auna matsin silinda huɗun aka ga sun yi kusa da juna, aka sa sikana ba ta nuna lambar matsala ba, sannan na saki kuɗi.

Shan mai ya ragu kaɗan, ina cika tanki in rubuta kilomita don haka ba zato nake ba, amma ba zan iya raba wane kaso ne na zoben manifol, wane ne na sensa, wane ne na totur ba, tunda tare aka yi su. Da za a ce in jera su bisa amfani, gwangwanin totur da na sensa ne a gaba, sai gasket da robobi, sai salansar kanta. Zan sake sayen wannan salansa ga wata tsohuwar mota, da sharaɗin inci 2.25, doguwar tukunyar tsakiya da kilif na sitenles. A kuma koma a sake ɗaure notuna bayan ta yi zafi ta huce na ɗan lokaci, domin 304 yana miƙewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe. Nawa kilif na tsakiya sai da ya ƙara karɓar sufana.